Ciyawar Gefen Gonar Danuta

Gonar ta Ignacy ce, ko da yake babban ɗansa Leszek ne ya noma ta har ya mutu. Bayan an binne shi, tsohon ya kira matar mamacin, Danuta, a gaban ƙaramin ɗansa Romek.

"Ki noma ta bana. In dankalin da ake yin sukari da shi ya yi kyau, gona taki ce ke da 'yarki. In bai yi ba, ta Romek ce."

"Na ji, Baba."

A gefen gonar akwai wani zirin ciyawa da Leszek bai yarda kowa ya taɓa ba. Shi ba ya feshin magani. A cikin busasshiyar ciyawar nan jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi, waɗanda ake kira shanun Allah, suke kwanciya duk tsawon sanyi. In ƙasa ta yi ɗumi sai su bazu cikin gona, su cinye kwarkwatar ganye kafin ta sa wa shuka cutar rawaya. Ignacy ya san haka. Leszek ya taɓa buɗa masa ciyawar da hannu, ya gan su cunkus, ja wur kamar garwashi.

Ƙanƙara ta narke a yankinsu na Kujawy. Kowa ya cinna wa gefen gonarsa wuta kamar yadda aka gada, ban da Danuta.

A bakin kanti Bolek mai tarakta ya ce, "Ignacy, gonar surukarka ta tsirar da gemu. Aska ce babu?"

Wani ya ce, "Ai tunda ba namiji a gidan, dole gemun ya fito a wani wuri."

Aka yi dariya. Ignacy ya shanye giyarsa, ya sayi ashana.

Ran Lahadi, da kayan cocinsa a jiki, ya tsaya a bakin ciyawar yana jiran iska ta juya. Danuta ta hango shi, ta taho da gudu.

"Baba, ba su farka ba tukuna. Bari rana ta ƙara zafi su fita."

"Ubana ya ƙona, kakana ya ƙona. Gonata ba juji ba ce."

"Kai ka ce in noma ta."

"Noma na ce. Ban ce ki yi kiwon ƙwari ba."

Ya ƙyasta ashanar. Wutar ta bi zirin tana ƙas-ƙas, kamar an watsa gishiri a murhu. Danuta ta tuɓe rigar sanyinta tana bugun wutar har tafukanta suka sale. Shi kuwa hannunsa na baya.

Da shuka ta yi ganye, kwarkwata ta sauko baƙi ƙirin. Danuta ta je aron injin feshi wurin Romek.

"Ya lalace, matar yaya."

Washegari aka gan shi yana yi wa tasa gonar feshi. Ita kuwa ta bi gonarta kunya bayan kunya a durƙushe da ruwan sabulu. Ina aka taɓa wanke gona da hannu? Ganye ya yi rawaya tun kafin kaka. Da aka tone, dankalin bai fi dunƙulen hannun jariri ba.

Ranar da za ta koma birni wurin yayarta, ta tsaya a bakin ƙofar Ignacy riƙe da 'yarta.

"Ka san abin da ka ƙona, Baba."

"Ciyawa na ƙona. Ja mini ƙofar, sanyi na shigowa."

Kafin ƙanƙara ta sake sauka, Romek ya shiga sabuwar gonarsa da garma. Ciyawar gefe ta sake tsirowa a kan toka, ya nufe ta zai kife. Tsohon ya ɗaga sandarsa.

"Bar nan."

"Ciyawa ce fa, Baba."

"Na ce ka bar ta. Kada kuma in ga ashana a wurin nan. Wa zai cinye maka kwarkwata baɗi?"