Tudun da Aka Zaɓa Don Kallon Dutse

Shekara guda da fara yaƙin basasa, farkon damina, rediyo ta ce wani dutse yana tafe a sararin sama, zai gifta kusa da duniya. A kasuwar Kusada har an fara yafe wa juna. Mu a Dudunni ba dutse ne ya dame mu ba, ruwa ne. An yi yayyafi sau ɗaya, sama ta kama bakinta.

A kan yayyafin nan Sodangi ya zuba irin geronsa duka a gonarsa ta tudu. Matarsa Haulatu ta roƙe shi ya rage rabi, ya ƙi. Sodangi kuwa in ya kafe, gara ka roƙi kututture. Rumbunsu babu ko zangarniya.

Sai ga mota daga Kankia da wani Malam Mamuda, malamin jami'a, da madubin hangen nesa mai kaurin turmi. Ya zaga ƙauyuka, ya tsaya a gonar Sodangi, ya ce nan za a kafa. Aikinsa shi ne ya hango dutsen, ya aika wa masu rada, na'urar bin sawun abin da ke sama, a wata ƙasa bayanin inda za su saita ta. Sodangi ya dinga fankama, wai ko masu ilmin sama sun san gonarsa mai albarka ce.

Shuka ta tsiro, ta fara naɗewa. Muka fita roƙon ruwa, tsofaffi da riguna a juye, yara suna kuka. Muna dawowa muka tarar da Malam Mamuda yana goge madubi, yana duban sama fes da murmushi. Ba mugu ba ne, amma wallahi murmushin nan ya ƙona mini rai.

Sodangi ya matsa kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ku da ka ganin sama, mi kuka gani ga tudun ga har kuka zaɓe shi?"

"Baba, ai mun sha wahala kafin mu samu," in ji Malam Mamuda, yana ɗaure wani ƙarfe. "Aikinmu ba ya son gajimare. Mun tambayi masu auna yanayi, suka ce bana hadari zai yi jinkiri a yankin nan, har wata ya fita da wuya a ga ruwan kirki. Shi ya sa muka zo."

"Har wata shi hita?"

"In Allah ya yarda," ya ce. Sai ya ɗago, ya ga shukar da ƙafafun madubinsa suke tsaye a kai.

Dutse ya wuce, rediyo ta ce duniya ta tsira. Ranar da mota ta kwashe kayanta, Haulatu ta fito da tsohon kwandon iri, ta kife shi a tsakar gida ta bubbuga. Abin da ya zubo bai cika tafin hannu ba. Da shi ta yi wa yaransu kunu.