Haƙorin Gaba na Sedik

Da safiyar Laraba Faldela tana wanke haƙoran robar mijinta a bakin famfo suka suɓuce mata. Ɗaya daga haƙoran gaba ya fita, ta tsinto shi a ƙarƙashin kwano.

Mijin nata Sedik, tsohon masunci a Kalk Bay, wata bakwai ke nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Da ta nuna masa, ya juya fuska bango. Ran Juma'a 'yarsu Rugaya za ta iso daga Durban, shekara shida rabonsu da ita, kuma ya rantse ba za ta gan shi da baki a loɓe ba.

Faldela ta liƙa haƙorin da gam, ya zauna a karkace. Washegari ta naɗe su a hankici, ta hau jirgin ƙasa zuwa Athlone, wurin Ganif, wanda ya yi su tun asali.

Ganif ya ɗaga su a hasken taga, ya tambaya ko takalmi ta zaci tana gyarawa. Ya kankare gam ɗin, ya ɗan ƙwaƙule gurbin, ya dama wani jan gari da ruwan magani mai hawa kai, ya dasa haƙorin. Yana cikin gogewa ya tambayi jikin maigida, ta ce ya rame ƙwarai.

"Inna, gara in faɗa miki gaskiya," in ji shi. "In ya rame haka, dasashin ma ya motse. Ba za su kama ba. Sai dai a auna a yi sababbi, mako uku."

"Ba mu da mako uku, ɗana."

Ya ba ta wani man liƙi, ya nuna mata inda za ta ɗiga.

Ran Juma'a ta aske wa Sedik gemu, ta sa masa haƙoran. Sun yi masa yawa, sai da ya tokare su da harshe. Rugaya ta shigo, ta durƙusa a gefen gado, ya yi mata murmushi da ɓarin da ke motsi, ya kira sunanta har ya fita daidai. Ta kawo masa gasasshen kifi, bai iya tauna ba, ya tsotsi romon kawai.

Kwana tara ta yi tana jinyarsa tare da uwar. A na goma, bayan azahar, ya rasu.