Ranar da Murja Ta Kira Sunan 'Yarta

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karanta na mutane kawai na iya, wannan ma sai da na yage na sake. Amma abin da aka yi wa Murja ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa.

Murja matar Tukur ce, manomi a Gafasa. 'Yarta ta fari, Halima Sadiya, ita ce take fama da kansar jini. Da yake 'yar fari ce, Murja ba ta taɓa kiran sunanta ba tun ranar suna. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma yarinyar Yaya take kiran uwarta, don tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta Hansai, uwar Tukur, ta tashi. Haka aka saba, kuma kafin ciwon nan ba wanda abin ya dama.

Da ciwo ya zo, masu dubiya Hansai suke yi wa sannu. Ita ake tambaya ya mai jiki, ita ke da izinin share hawaye da gefen zani. Murja ita ke wanke amai, ita ke tsince gashin yarinyar daga kan matashi bayan kowane ƙarin magani a asibitin Kano, amma idan aka shigo sai ta kawo ruwa ta koma gefe da fuskar da ba komai a kai. An ma yaba mata. Ana cewa matar Tukur akwai alkunya.

Wata nas ce ta lura da ita a barandar asibiti, ta karɓi lambarta ta sa ta a wani guruf na waya. Iyayen yara masu irin wannan ciwo ne a ciki, daga Gaya, Wudil, har Jigawa, tare da wata Malama Adawiyya da ta karanci halin ɗan Adam. Ranar Alhamis bayan la'asar ake haɗuwa a kira ɗaya, sauran ranaku kuma kowa ya aika saƙon murya. Ka'idar guda ce: abin da aka faɗa a ciki, a ciki yake zama.

Murja ta daɗe tana saurare kawai. A gidansu sabis bai kamawa sai a bayan rumbuna, gindin wata tsamiya, can take zuwa da sunan ɗebo ƙirare. Wata rana Malama Adawiyya ta tambaye ta sunan 'yarta. Murja ta danna wayar ta faɗa a saƙon murya. Da ta faɗa sai ta kasa tsayawa. Ta yi ta maimaita sunan tana kuka, ta ce tana tsoron yarinyar za ta mutu ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ran nan ta koma gida ta ci tuwo har da ƙari.

Gidan ba wuta, sai solar Maiwada, ƙanin mijinta, wanda yake aiki a sakatariya a Ajingi. Wurinsa kowa ke kai caji, har da Murja. Maiwada ya buɗe wayar da ba tasa ba, ya saurari saƙon da ba nasa ba, ya tura shi guruf ɗin 'yan gari, wai a taya su da addu'a. Da ya dawo mata da wayar har da fara'arsa.

"Matarmu, ashe murya gare ki haka? Rediyo ya kamata mu kai ki."

Sai a lokacin ta gane abin da yake nufi. Ta tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce shi alheri ya nufa, mutane ma sun yi ta cewa amin, kuma ai waya ba ta da ƙofa.

Washegari Alhamis. Kafin azahar gidan ya cika da mata. Wasu tun da aka fara ciwon ba su taɓa leƙowa ba, yau ga su da 'yar gyaɗa a ƙulle a gefen mayafi, wai dubiya. Idonsu ba a kan mai jiki yake ba. Wata da ba ta samu ji ba ta ce a kunna mata, aka kuwa kunna, a tsakar gida, da ƙarfi. Muryar Murja ta cika gidan tana kuka. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a zaure. Wata ta riƙe haɓa ta ce lallai zamani ya zo.

Ba wanda ya tuna Halima Sadiya tana kwance a tabarma a bakin ƙofar kakarta, idonta biyu.

Murja ta je ta durƙusa za ta gyara mata ɗankwalin da ya zame daga kanta. Yarinyar ta riƙe mata yatsa, ta tambaye ta a hankali ko ita ce ta faɗi sunanta. Murja ta gyaɗa kai.

"To Yaya, da gaske zan mutu?"

Murja ba ta san me ake ce wa yarinya ba idan ta yi wannan tambayar. Akwai wadda ta sani, Malama Adawiyya, akwai iyayen da aka riga aka yi wa irinta, kuma duk suna cikin wayar nan da ke ƙulle a zaninta, bayan la'asar. Ta ce mata ta bari za ta gaya mata, ba da daɗewa ba.

Tana miƙewa Hansai ta kira ta. A gaban mutane ta yi mata faɗa, ta ce an tsiraita gidansu, ita ta haifi 'ya'ya ta binne wasu ba wanda ya ji bakinta, balle a kan ɗan fari. Ba ta ambaci Maiwada ba ko sau ɗaya. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta wayar, idan Tukur ya dawo daga gona zai cire ta daga cikin baƙin nan da ke koya mata rashin ta-ido.

Murja ta dubi hannun. Ba ta taɓa musa wa tsohuwar nan ba, ko a kan gishirin miya. Muryarta ƙasa ta fito.

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan bayar ba. Ni a ɓoye na yi kukana. Ku kuka kunna shi a kunnen Halima Sadiya."

Sunan ne ya fi ba su mamaki, ba ƙin ba. Gidan ya kaure. Wata ta ce aljanu ne, a nemo malam. Wata ta ce a'a, laifin Maiwada ne, kunya ce ta hana a faɗa. Matar Maiwada ta taso ta ce kada wanda ya sa mijinta a ciki. Hansai ta juya tana raba su tana salati, kowa na son a ji tasa.

Ladan ya kira la'asar a cikin hayaniyar. Murja ta sunkuya ta goya Halima Sadiya, ba nauyi ko kaɗan, ta ja zani ta ɗaure. Ta bi ta bayan madafi inda dangar kara ta ɓalle, ta ratsa ta fita, ta nufi gindin tsamiyar nan. Ba wanda ya waiga.