Ranar da Kaka Oyjamol Ta Ƙi Ɗaure Jaririya

"Shigo da ita mana, ko sai an aiko miki da mota?" in ji Salomat daga cikin ɗaki.

Mohigul ta tuɓe takalmi, ta gyara riƙon 'yarta Sevinch mai wata huɗu, ta bi muryar uwar mijin nata. Matan unguwa sun cika ɗakin, kowace da kofin koren shayi. Kaka Oyjamol na kwance a tsakiyarsu. Kwana tara ke nan ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai ruwan rumman.

A wannan layin na garin Margilon, duk jaririn da aka haifa Kaka ce ke fara kwantar da shi a beshik, gadon katakon nan mai lilo da ake ɗaure yaro a ciki da ƙafafu a miƙe. Sevinch ce kaɗai ba ta shiga ba. Likita ya ce ƙugunta bai zauna daidai ba, ya sa mata madaurin da ke riƙe ƙafafun a buɗe, ya ce ɗauri zai bar ta da ɗingishi har abada. Da safen nan kuwa Salomat ta yanke magana: yau Kaka za ta ɗaure yarinyar, in Mohigul ta ƙi, ta koma gidan ubanta.

Ga beshik ɗin can a kusurwa, an shimfiɗa masa sabon ƙyalle.

"A'a, ga ɗan kwaɗonmu ya iso," in ji wata, aka kwashe da dariya.

"Mu da muka haifi bakwai-bakwai ai ba mu san komai ba," wata ta ƙara. "Sai 'yan asibiti."

Mohigul ta durƙusa. Ta ce, "Kaka, ki yafe mini. Ba zan bari ba."

"Wa ya tambaye ki? Miƙo ta nan," in ji Kaka.

Tsohuwar ta ɗora jaririyar a ƙirjinta, ta bi ƙugun da yatsu a hankali, ido a rufe. Can ta ɗaga murya: "Zulhumor!"

'Yarta ta shigo da butar shayi, mace mai furfura, tana jan ƙafar hagu kamar kullum.

"Tafi ƙofa ki dawo."

"Haba Inna, shayin zai huce."

"Tafi ki dawo, na ce."

Zulhumor ta tafi ta dawo. Ba a jin komai sai gogar ƙafarta a kan darduma.

"Me ya same ta?" Kaka ta tambayi ɗakin.

"Ai daga bishiya ta faɗo tana ƙarama," in ji Salomat.

"Ni na faɗa muku haka. Ba bishiyar da ta taɓa hawa. Abin da likita ya gaya wa yarinyar nan, shi aka gaya mini a kan Zulhumor. Na dawo gida na tarar da uwayenku zaune kamar yadda kuke zaune yanzu. Taki uwar, Salomat, Allah ya ji ƙanta, ta fi kowa baki. Sai na ji kunya, na ɗaure 'yata tamau." Ta tsaya ta ja numfashi. "Shekara sittin da ɗaya ina jin ƙafar nan tana jan ƙasa a tsakar gidana."

Zulhumor ta ajiye butar, ta tallafo kan uwarta. "Na sani, Inna. Tun ina 'yar shekara goma Goggo ta faɗa mini."

"Kika yi shiru?"

"To me zan ce? Shekararki goma sha bakwai lokacin da kika ɗaure ni. Sha ruwanki."

Kaka ta sha. Ta miƙa wa Mohigul 'yarta, ta riƙe mata wuyan hannu. "Yara ɗari uku na ɗaure. Wannan ban ɗaure ba, kuma ban yarda wani ya ɗaure ba. Ke kuma ɗaga kanki, 'yata. Kin yi abin da na kasa."

Salomat ta ajiye kofinta. Sai ta zabura. "Wace ce ta bar ƙofa a buɗe? So kuke jikata ta yi mura?" Ta cire mayafinta ta lulluɓe Sevinch sako-sako, ba ta taɓa ƙafafun ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Kaka ta cika. Da yake ta yi tsawon rai, aka yayyanka yadin da aka rufe makararta da shi aka raba wa masu goyo, don 'ya'yansu su gaji shekarunta. Zulhumor ta wuce kowa, ta ajiye babban yanki a cinyar Mohigul. Salomat da kanta ta ɗinka shi wando, mai faɗin da zai hau kan madaurin. A bakin tanderu kuma, duk wadda ta kira Sevinch kwaɗo, da Salomat take gamuwa.

Da shekara ta zagayo, Mohigul ta leƙa gidan marigayiyar da gurasa mai zafi. Beshik ɗin na ƙarƙashin rumfar inabi, cike da rumman. Ta sauke Sevinch, yarinyar ta nufe shi da ƙafafunta, taku daidai da taku. Zulhumor ta bi ta a baya tana jan ƙafa, tana dariya, ta kasa cim mata.