Hauren da Ba Ya Jira

Kowace Talata Vombani ke ba aladun maganinsu. Maza goma sha biyu ne a gonar binciken, can cikin Kwinsland, ƙetaren teku nesa da gida, kowanne da lamba a kunne. Sai ta cusa ƙwayar cikin curin gari da madi, ta tsaya har ya haɗiye, sannan ta ɗebi jini daga wuyansa. Ƙwayar tana hana jikin namijin alade yin istirojin, sinadarin nan da mutane ke ɗauka na mata ne kaɗai, alhali shi ma yana da shi jingim. Sakamakon ya fara fitowa: istirojin ya faɗi ƙasa warwas, sinadarin mazantaka bai motsa ba, maraina kuma sun fi na sauran girma. Saura wata tara a kammala, kuma sunanta zai hau takardar sakamakon binciken in ta kai ƙarshe.

Tana wanke hannu wayar ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Molivuti, daga tsibirin Malo. Ta san ya hau tudun bayan coci, don nan kaɗai waya ke kamawa, ga shi tana jin hakinsa.

"Likitar aladu! Har yanzu kina ba maza maganin mata?"

"Na hana su sinadarin mata dai, Baba. Sau nawa zan faɗa?"

"Duk ɗaya. Mu nan gwaza muke ba su, babu wanda ya kawo ƙara."

Ta yi dariya, ta zauna a kan bokiti. Ta san ba don wannan ya hau tudu ba.

Ranar da za ta bar gida, shekara bakwai ke nan, ya cire wa wani ɗan alade haƙoran sama don hauren ƙasa ya samu hanyar lanƙwashewa. Tun daga ranar da hannu yake ciyar da shi, kwakwa gogaggiya da doya dakakkiya, kada ya tona ƙasa hauren ya karye. Ya ce ranar da hauren ya zagayo, ranar za a yanka aladen a gaban dangi, ita za ta tsaya a gefensa a sa mata hauren a hannu kamar munduwa.

"Ya zagayo," in ji shi. "Tsininsa ya kusa taɓa kumatu. Jiya na sa yatsa tsakaninsu, da ƙyar ya shiga."

Sai ya ci gaba.

"Shi ne na ce, wannan ƙwayar taku. Tunda tana tsayar da abu a jikin namiji, ki aiko min da ita ta jirgin ruwa. In ba shi, hauren ya dakata wata taran nan."

Ta rufe ido. Sai ta gan shi tsugune bakin shinge, yana lallashin dabba kamar jika, ya kwana nawa yana saƙa wannan dabarar shi kaɗai.

"Baba, ba ta taɓa haure. Abin da ke tura shi yana nan yadda yake."

"Ko biyu-biyu na ba shi?"

"Ko buhu."

"To wane irin karatu ne wannan?" Ya yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. Iska ta cika wayar. "Ba komai. Kakanki ya taɓa yi. Zan cire masa turamen haƙora na baya, in bar hauren ya huda kumatun ya shiga zagaye na biyu. Ya fi daraja ma."

"Shekara nawa ke nan?"

"Bakwai. Ko takwas. Ina zan je?"

Shekarunsa saba'in da shida. Bara ƙanwarta ta ce sau uku yake hutawa kafin ya kai kan tudun.

Wani alade ya ture ƙofar kejinsa da hanci, yana neman ƙarin madi. A nan tun suna kwana biyu ake datse musu haƙora, babu mai haure a cikinsu. Ta dubi littafin awon da ke kan benci, duk rubutun hannunta ne tun shafin farko. Akwai mai iya ci gaba da shi. Sunan da zai hau takardar ne kawai zai sauya.

"Kar ka cire masa komai, Baba. Yatsan naka zai iya shiga har sati uku, kafin in iso?"



"Ƙaramin yatsa," ya ce. "In na rage masa kwakwa."

"To ka rage. Ka sauka daga tudun a hankali."