Giyar Motar Ikrima

Ranar da giyar motar Ikrima ta mutu, a Shargalle ta mutu, suna dawowa daga Katsina, matarsa Rabi na kwance a kujerar baya bayan wankin ƙoda. Ya taka totur, injin ya yi ta kuka, motar ko motsi. Sai da aka jawo su da igiya har Daura.

Ikrima mai sayar da maganin dabbobi ne a kasuwannin ƙauye. Shekarun baya babur ya kayar da shi a hanyar Sandamu, ƙafar hagu ta ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Ya daɗe a zaune kafin wani abokin cinikinsa ya kawo masa wata ƙaramar jif daga Damagaram, mai shan gas, wato dizal, giyarta otomatik. Ba ta da kuloci, ƙafa ɗaya ta ishe ta. Da ita ya koma kasuwa, da ita kuma yake kai Rabi asibiti a Katsina duk Litinin da Alhamis tun da ƙodarta ta gaza.

Badaru bakanike ya sauke giyar ya buɗe, ya ce ta ƙone ƙurmus, sai dai a sa wata. Ikrima ya dogara sandarsa ya hau motar haya zuwa Kano. A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya bi shago shago, hammatarsa ta saluɓe saboda sanda. Ko'ina magana ɗaya: otomatik ta mai shan fetur ga ta nan jibge, amma ba ta hawa injin gas, ta injin gas kuma duk manuwal ce. Wani dattijo ya gaya masa irin tasa ko a can inda ake ƙera su ba su da yawa, waɗanda suka shigo ƙasar nan kuwa hannu ɗaya ya isa ya ƙirga su. Ya buga waya Damagaram, ya buga Maraɗi, ya sa aka tambaya masa a Legas. Kowa sai ya ce a ba shi lokaci.

Lokacin ne babu. Ranar Litinin ya sa Rabi a motar haya, mutum huɗu a baya. A hanyar dawowa ta yi amai a jikin wata mata, ta sume kafin Mashi, direban ya rantse ba zai sake ɗaukarta ba. Alhamis ta ce ba za ta je ba, gara ta mutu a ɗakinta. Kafin Asabar ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta yi suntum, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi na fita da ƙyar. Ikrima ya bi maƙwabta masu mota. Ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya ce sau ɗaya zai iya, ban da kullum. 'Yarsu Ummi tana aure a Kaduna, ba su da wani babba a gida.

Ya koma garejin Badaru ya ce a ɗaura manuwal ɗin. Badaru ya dubi ƙafar wandonsa da aka naɗe da fil, ya tambaye shi wa zai taka kuloci. Ikrima ya ce shi dai a ɗaura. Aka kawo giyar daga Kano, aka huda aka sa feda ta uku, aikin ya kai su yammacin Lahadi.

A filin bayan gari ya gwada. Ya ɗaure tsumma da roba a gindin sandarsa, ya tokare kuloci da ita, ya danna da hannun hagu. Kulocin ya shiga. Amma hannun dama na kan giya, sitiyari ba mai riƙe shi. Sau biyu motar na nufar kututturen dogonyaro. Ya kashe ta ya kifa kai a kan sitiyarin. Da ya koma gida ya gaya wa Rabi gaskiya: hannu uku motar take so.

Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Baban Ummi, ni ba ni da hannu ne?"

Ya ce ko kofi ba ta iya riƙewa. Ta ce ya nuna mata kawai.

Da hantsin Litinin ya zaunar da ita a gaba, ya sa mata matashi. Hannunta na hagu shi ake sa wa allurar wanki, likita ya hana ta aiki da shi, don haka ta karkato ta kama sandar giyar da na dama. Shi ya danna kuloci da sanda ya ce giya ta biyu, ita ta ja. Injin gas yana da ƙarfin tashi, motar ta yi gurnani ta ɗaga ba ta mutu ba. A fitar gari ta sa huɗu maimakon biyu, motar ta shaƙe a gaban wata tirela, mai tirelar ya zazzage su da zagi. Rabi ta fashe da kuka tana haki. Ikrima ya ce ba komai, su sake, alhali rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. A shingen jami'an tsaro ya zame sandar ya ɓoye ta gefen ƙofa, yana addu'a kada a ce ya fito. Aka ɗaga musu hannu.

Sun isa a makare, an ba wani gadonta. Ikrima ya tsaya a ƙofar ɗakin wankin a kan ƙafarsa ɗaya, ya yi ta roƙon ma'aikaciyar jinyar. Ta leƙa ta ga yadda Rabi ke numfashi, ta ce su jira layin rana.

La'asar ta wuce kafin a sallame su. Kumburin ya sauka, amma Rabi ta zama kamar tsumma, kanta na rangaji. A bakin asibitin ta taimaka masa suka kai giya ta uku, daga nan hannunta ya zame ya faɗi a cinyarta. Ya kira sunanta, ta amsa a ciki-ciki. Ya san idan ya tsaya ba mai sake tayar da su, don haka bai tsaya ba. Ya bar ta a ukun, injin na ƙara, motoci na wuce su da ham. A Mashi ya ratsa cunkoson 'yan babur yana danna kuloci da sanda, yana taka birki, yana roƙon a ba shi hanya ta taga. Hannunsa na hagu ya mutu murus tun kafin Shargalle.

Ana kiran magariba suka shiga Daura. A ƙofar gida ya kashe motar, ya kasa buɗe yatsunsa daga jikin sandar, sai da ya ɓamɓare su da ɗaya hannun. Matar maƙwabcinsu ta fito ta kama Rabi suka shiga ciki. Shi ya zauna a motar ya sake kiran mutumin da ya ba cigiyar giya a Damagaram. Mutumin ya ce an ba shi labarin wata otomatik irin tasa a Agadas, a cikin wata mota da ta yi haɗari, amma bai gan ta da idonsa ba, kuma ba a san ko tana da rai ba. Ikrima ya ce don Allah ya je ya duba, ko nawa ce. Sannan ya laluba sandarsa ya sauka, don alwala.