Abin da ke Aljihun Kafinta

“Likita” mijinta yake kiranta, alhali ko ƙofar makarantar likitoci ba ta taɓa gani ba. Sunan ya samo asali ne daga tagar kicin ɗinta, inda ta jera gwangwanaye bakwai cike da ƙasa: na'a-na'a a biyu, citta a ɗaya, sauran kuwa ita kaɗai ta san sunayensu. Mijinta kafinta ne. Asma ta kama shi da girmansa, bayan ya shekara ashirin yana shaƙar garin katako. Ranar da ta fara ganin numfashinsa ya sarƙe, ya dafa bango ƙirjinsa na fito kamar butar shayi, ta rantse a ranta sai ta raba shi da ciwon nan da hannunta.

Ta kuwa dage. Kowace safiya sirace: tukunya, ganyen turare, bargo a ka. Bayansa shayin citta da zuma da ɗan kanumfari. Ta naɗe kafet ta bayar, ta kori magen maƙwabta, ta hana kunna maganin sauro a ɗaki. A yi mata adalci, wasu abubuwan sun taimaka, tarin ya ragu. Amma ita ba raguwa take nema ba, so take a ce ya warke sarai.

Asibiti sun ba shi inhela, ɗan abin nan mai shuɗin murfi da ake fesawa a baki idan numfashi ya toshe. Ta tsane ta. Da ta ji ƙarar fesawa sai ta ɓata rai kamar an ce miyarta ba gishiri.

“Wato nawa bai yi ba ke nan, maigida?”

Shi kuwa bawan Allah, ya iya jure guduma a yatsa amma bai iya ganin ranta a ɓace ba. Wata safiya ya fito daga cikin bargo yana zufa, ya ce, “Likita, kin gama aiki. Na warke.” Daga ranar ba ta ƙara jin ƙarar fesawa a gidan ba. Shekara uku cur tana ba kowa labari, har mai kayan miya ya haddace.

Ranar wata Talata tana haɗa wanki, ta ciro rigar aikinsa daga ƙusar bayan ƙofa, ta ji abu a aljihun ciki. Inhela ce. Ta yi dariya ita kaɗai: ka ji mutum, tsohon kaya ma sai ya yi ta yawo da shi. Ta jefa ta cikin durowar cokula, ta wanke rigar, ta goge.

Washegari ya sa rigar. A bakin ƙofa ya dafa aljihu, hannunsa ya tsaya a wurin. Ya ɗago ya dube ta. Tana tsaye da filas ɗin shayinsa, tana murmushi.

“Ka manta wani abu ne?”

“A'a, Likita. Ba komai.”

Ya karɓi filas ɗin ya fita.

Kafin azahar ƙaninsa, wanda suke shago ɗaya, ya kira ta. Tsofaffin ƙofofi suke gogewa da sanfefa, ƙura ta turnuƙe shagon, yayansa ya zauna a kan benci ya kasa tashi. Ko da ta isa asibiti, an riga an ja masa zane, rai ya yi halinsa.

Bayan mako biyu ta je kwashe kayansa. Shagon na nan da ƙamshin katako, fensirinsa a kan tebur, ƙofar da suke gogewa a jingine, rabi fari rabi baƙi. Ƙanin ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya durƙusa ya jawo durowar ƙasa.

“Yaya, ya hana ni faɗa miki. Amma ban san inda zan kai su ba.”

Inhela ne a jere, sahu-sahu, duk ba komai a ciki. Kowace ya manna mata takarda ya rubuta kwanan wata da fensir, yadda yake yi wa katako alama. Ta karanta ta farko: watan da ya ce mata ya warke ne.

“Ta shago ta ƙare ranar Litinin,” in ji ƙanin. “Ya ce akwai sabuwa a aljihunsa. Ran nan da ya zo sai ya ce ya bar ta a gida, zai sayi wata da mun gama ƙofar nan.” Ya miƙa mata filas ɗin, wayam. “Shayinki kuwa, wallahi bai taɓa rage ko ɗigo ba. Ni ma hana ni yake yi.”

Ba ta yi kuka a shagon ba. Baƙin cikin ya fi ƙarfin hawaye, ya tsaya mata a ƙirji, har ta gane yadda numfashi ke ƙin shiga. Da ya ce mata, “Ba ni abata,” ai da ta ɗauko masa. Da ta ɗan tura baki, amma da ta ɗauko. Amma shekara uku tana koya masa kada ya ce.

Ta koma gida, ta wuce gwangwanayen taga ba ta dube su ba, ta jawo durowar cokula. Inhelar tana nan inda ta jefa ta. Ta ɗauka ta girgiza kusa da kunnenta. Cike take.